Tutar Åland: ta Suwidin ce ko ta Finlan, kuma ina barewar ta fito?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A jerin tutocin da ke cikin wayata na ga wata mai kama da ta Suwidin sak, sai dai an ratsa jan gicciye a tsakiyar ruwan ɗorawan, an rubuta Åland a ƙarƙashinta. Da na bincika sai aka ce yanki ne na ƙasar Finlan, amma mutanensa yaren Suwidin suke yi, kuma tambarinsu barewa ce. Yaya yankin da ba ƙasa ba zai mallaki tuta tasa ta kansa? Wannan ba ɓallewa ba ce? Kuma me ya haɗa barewa da tsibiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba. Tutar Suwidin ce aka shimfiɗa, aka ratsa mata ja, kuma da gangan aka yi haka. Ba ɓallewa ba ce. Dokar Finlan ce da kanta ta ba Åland izinin yin tuta, kuma sai da shugaban Finlan ya ƙi zanen farko da aka kawo masa kafin a daidaita a kan wannan da ka gani. Duk wanda ya san abin da ya faru tsakanin 1809 da 1954 zai iya karanta sulhun da aka yi a jikin ƙyallen nan. Barewar kuwa nata labarin daban ne, kuskure ne na ma'aikatan fada da ya wuce shekara ɗari huɗu, za mu zo kansa.

Åland tarin tsibirai ne a tekun Baltik, a bakin mashigin da ya raba Suwidin da Finlan. Ana ƙirga tsibirai kusan 6,700, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu 'yan gommai ne kawai, sauran duwatsu ne da tsuntsayen teku. Jama'ar duka kusan 30,000 ce, kashi ɗaya cikin uku ko fiye suna zaune a Mariehamn, birni ɗaya tilo da ke yankin. Harshen hukuma ɗaya ne, shi ne na Suwidin. A sauran Finlan harsuna biyu ake aiki da su, a nan kuwa makaranta da kotu da ofis duk da yaren Suwidin suke tafiya.

Mu duba tutar kanta. Filinta shuɗi ne, sai gicciye ruwan ɗorawa da aka karkatar da shi zuwa wajen sanda, sai siririn jan gicciye a cikinsa. Wannan salon na karkataccen gicciye daga Danmak ya samo asali, alamar Kiristanci ce, kuma Suwidin da Norwe da Finlan da Iceland duk sun bi shi. Shuɗi da ruwan ɗorawa launukan Suwidin ne, ba mai gardama a kan wannan. Ja da ruwan ɗorawa kuma launukan tambarin Finlan ne, wato zaki ruwan zinare a kan jar garkuwa. Mutane da yawa ba su san cewa a watannin farko na 'yancin Finlan, kafin a zaɓi farar tuta mai shuɗin gicciye a 1918, jar tuta mai zaki ce ake ɗagawa ba. Saboda haka ruwan ɗorawan da ke tsakani na ɓangarorin biyu ne: da shuɗi ya ba ka Suwidin, da ja ya ba ka Finlan. Akwai kuma ƙa'idar masu zana tambura ta Turai wadda ta hana ɗora launi a kan launi kai tsaye, dole fari ko ruwan ɗorawa ya shiga tsakani, domin a iya tantance alama daga nesa. Da an ɗora ja a kan shuɗi ba shamaki, daga kan jirgin ruwa baƙi-baƙi za ka hango. Ma'auninta ma nata ne: tsawo 26 a faɗi 17, alhali ta Suwidin 8 ne a 5, ta Finlan kuma 18 a 11.

To me ya kai masu yaren Suwidin ƙarƙashin Finlan? Yaƙi. Ƙarnoni da dama Åland da Finlan duka suna cikin masarautar Suwidin. A 1809 Rasha ta ci Suwidin da yaƙi, a yarjejeniyar Fredrikshamn ta karɓe Finlan, ta haɗa da Åland. Suwidin ta so a bar mata tsibiran don suna daf da hanyar shiga Stockholm, babban birninta, Rasha kuwa wannan dalilin ne ya sa ta ƙi. Ta maida su iyakarta ta yamma, ta kuma so duk mai shigowa ya san ya taka ƙasar babbar daula. Har yau a ƙauyen Eckerö akwai katafaren gidan waya da kwastan da aka gama a 1828, wanda ya fi ƙarfin ƙauyen nesa ba kusa ba. Mariehamn ma Sarkin Rasha Alexander na Biyu ne ya kafa shi a 1861, ya raɗa masa sunan matarsa Mariya.

Babban aikin Rasha a wurin shi ne ganuwar Bomarsund, wadda aka fara ginawa a shekarun 1830. Ba a gama ta ba yaƙin Kirimiya ya ɓarke, jiragen yaƙin Birtaniya da Faransa suka shigo Baltik, a watan Agustan 1854 suka kama ganuwar suka tarwatsa ta da albarushi. A wani harin da aka kai mata a watan Yunin shekarar ne wani matashin sojan ruwa, Charles Lucas, ya sunkuci bam ɗin da ya faɗo kan jirginsu yana hayaƙi ya wurga shi teku, aikin da ya zama na farko da aka saka wa da lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya. Abin da ya fi muhimmanci ya zo a 1856 a birnin Paris: Rasha ta amince wa Birtaniya da Faransa ba za ta sake gina ganuwa ko girke soja a tsibiran ba. Wannan sharaɗin ya girmi ƙasar Finlan da shekara sittin, kuma yana nan da ransa.

Da daular Rasha ta fara rugujewa a 1917, mutanen Åland suka ga dama ta samu. A ranar 20 ga Agusta wakilan gundumomi suka yi taro a asirce a wata makarantar manya da ke Finström, suka yanke shawarar neman komawa Suwidin. Finlan ta ayyana 'yancinta a ranar 6 ga Disamba. Kafin shekarar ta fita an tara sa hannun mutum fiye da 7,000, kusan duk baligan da ke tsibiran a lokacin, aka kai wa Sarki Gustaf na Biyar a Stockholm a farkon 1918. A watannin nan sojojin Rasha da na Suwidin da na Jamus da ɓangarorin yaƙin basasar Finlan duk sun taka tsibiran. A 1919 aka sake jin ra'ayin jama'a, fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ce Suwidin. Finlan ta yi ƙoƙarin kashe wutar da dokar cin gashin kai a 1920, mutanen suka ce ba abin da suka roƙa ke nan ba. Sai aka kama jagororinsu biyu, Julius Sundblom, editan jaridar yankin, da Carl Björkman, bisa zargin cin amanar ƙasa. Dangantakar Stockholm da Helsinki, babban birnin Finlan, ta yi tsami ƙwarai.

Birtaniya ce ta kai maganar gaban tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Geneva, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya. An naɗa masu bincike uku, ɗan Beljiyam da ɗan Suwizalan da Ba'amurke, suka zagaya suka ba da shawara a bar tsibiran a hannun Finlan. Cikin hujjojinsu akwai ta taswira: daga gabas ƙananan tsibirai ne a jere har gaɓar Finlan, daga yamma kuwa buɗaɗɗen teku ne. Akwai kuma ta siyasa: a gaɓar Finlan akwai dubban ɗaruruwan masu yaren Suwidin, in aka yanke Åland an rage musu ƙarfi, an kuma buɗe ƙofar da kowace ƙaramar al'umma za ta ce ita ma za ta fita. A ranar 24 ga Yunin 1921 majalisar ta yanke hukunci. Finlan ta samu mallakar ƙasa. Mutanen Åland suka samu lamunin harshensu da makarantunsu da filayensu. Suwidin ta samu tabbacin ba za a girke bindiga a ƙofar gidanta ba, abin da ƙasashe 10 suka sa wa hannu a Geneva ranar 20 ga Oktoban shekarar. Hjalmar Branting, wakilin Suwidin, ya nuna rashin jin daɗinsa, amma ya ce ƙasarsa za ta bi hukuncin.

Ina so ka riƙe wannan, domin masu yabon tsarin Åland sukan tsallake shi: ba a ba mutanen abin da suka zaɓa ba. Fiye da tara cikin goma sun ce Suwidin suke so, aka ce musu haƙuri. Majalisar dokokinsu ta fara zama ranar 9 ga Yunin 1922, ranar da suke biki duk shekara yanzu, kuma mutanen nan biyu da aka ɗaure su ne suka hau kujerun farko, Sundblom kakakin majalisa, Björkman shugaban gwamnatin yankin. Da ɗacin rai suka karɓa.

Ɗacin nan ya fito a tuta. Dokar 1920 ba ta ba su izinin tuta ba, sai jama'a suka ƙirƙiro tasu tun daga 1922: ratsi uku a kwance, shuɗi a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Ba gicciye, amma kowa ya gane launukan waye. Ta bazu a gidaje da wuraren biki har hukumomin Finlan suka hana ɗaga ta a 1935. Shekarun 1930 lokaci ne da rigimar harshe ta yi zafi a Finlan, masu kishin yaren Finlan suna ganin kowane shuɗi da ruwan ɗorawa a matsayin tsokana.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka sabunta dokar cin gashin kai a 1951, a cikinta aka yarda yankin ya yi tutarsa. Majalisar Åland ta aika da zanen da ta fi so: tutar Suwidin, da siririn shuɗin gicciye a cikin ruwan ɗorawan. Shugaban Finlan na lokacin, Paasikivi, ya ƙi amincewa, saboda daga 'yar tazara ba mai bambanta ta da ta Suwidin. A ganina yana da gaskiya, ko a ma'aunin aikin tuta kawai: tutar da ba a tantance ta daga nesa ta kasa aikinta na farko. An kawo wasu shawarwari, har da waɗanda suka ɗauki farin filin tutar Finlan, waɗannan kuma mutanen tsibiran ba su so. Da aka maye siririn shuɗin da ja sai kowa ya samu abin faɗa wa mutanensa. Ɗan Åland ya ce filin da babban gicciyen nasa ne. Helsinki ta ce launin zakinta na zaune a tsakiya. An fara ɗaga ta a Mariehamn ranar 3 ga Afrilun 1954, kuma Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu ita ce ranar tuta a yankin.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin tutar da ba ta nufin ɓallewa ba. Lokacin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero da sauransu tutoci, kowa ya je ya kafa mulki a ƙasarsa, yana naɗa hakimansa yana yanke shari'arsa, amma karɓar tutar ita ce shaidar cewa akwai na sama da shi. Ta Åland ma daga sama aka amince da ita, kuma amincewar ce ta ba ta ƙarfi. Inda suka bambanta shi ne masu tutar Shehu da ƙafarsu suka je nema, mutanen Åland kuwa hanyar fita suka nema aka ba su tuta a madadinta.

Yanzu barewa. A nan ne masana tambura ke murmushi.

Lokacin da Sarki Gustav Vasa ya rasu a 1560, an shirya masa jana'iza irin ta manyan sarakunan Turai, inda ake jerin gwano da tutoci, kowane lardi na masarautar da tambarinsa. Lardunan Suwidin da yawa ba su da tambari a lokacin, sai aka zana musu saboda wannan rana. Cikinsu akwai wani dogon tsibiri a kudu maso gabashin Suwidin mai suna Öland, wanda gandun farautar sarki ne. Shi aka zana wa babbar barewar Turai, namiji mai ƙaho rassa-rassa, ruwan zinare a kan shuɗiyar garkuwa. Wannan ya dace da wurin. Åland kuwa, da aka ba Katarina Stenbock, matar marigayi sarkin, ta riƙa cin amfaninsa daga 1569, an yi masa nasa tambarin: ƙananan bareyi biyu a filin da aka watsa wa furannin wardi tara.

Ka dubi sunayen biyu, Öland da Åland. Bambancinsu harafi ɗaya ne, kuma a rubutun hannu na wancan zamani ɗigon da ke kan harafin ba koyaushe yake fitowa ba. Duka tsibirai ne a teku ɗaya, duka tamburansu dabbobin dawa ne masu kama da juna. Ba a daɗe ba aka cakuɗa su. Babbar barewar ta koma Åland, ƙananan biyu da wardinsu suka koma Öland, aka ci gaba da kwafa daga littafi zuwa littafi, daga hatimi zuwa hatimi. Da Rasha ta tafi da Åland a 1809, da barewar aro ya tafi.

Sai a 1944 ofishin kula da tambura na Suwidin, yana bitar tamburan larduna, ya gano musanyar. Aka sanar da Finlan. Amsar da ta dawo ita ce an gode, amma barewa ta zauna. Shekaru ɗaruruwa ana buga ta a takardun yankin, mutane sun saba da ita, kuma ba wanda ke marmarin karɓar tambarin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Suwidin ta maido wa Öland babbar barewarsa, amma don kada a sake rikicewa sai ta yi mata jan ƙaho da jan abin wuya. Saboda haka in ka ga barewa ruwan zinare a shuɗin fili, dubi wuyanta: mai abin wuya ta Öland ce a Suwidin, marar shi ta Åland ce a Finlan. Wani abin dariyar shi ne ƙananan bareyin da ke tambarin da aka ƙi karɓa su ne suka cika dazuzzukan Åland a yau, har farautarsu ta zama babbar al'ada ta kaka, ita kuwa babbar mai rassan ƙaho a garkuwa kawai za ka same ta.

Ni ina ganin Finlan ta yi daidai da ta ƙi gyarawa. Tambari ba hoton dabbobin gari ba ne. Babu zaki a dajin Finlan, babu shi a Ingila, amma ba wanda ya ce a goge shi. Aikin tambari shi ne a gan shi a san na wane ne, kuma abin da aka yi shekara ɗari uku ana gane ka da shi ya zama naka, ko ta wace hanya ya shigo.

A saman garkuwar akwai kambi, shi ma yana da abin faɗa. A tsohon tsarin Suwidin larduna hawa biyu ne: waɗanda ake ɗauka a matsayin ƙasar babban basarake, wanda suke kira hertig, da waɗanda ke matsayin ƙasar na ƙasa da shi, wato greve, kowanne da irin kambinsa. Åland na cikin na biyun. A 1884 Suwidin ta daidaita lardunanta duka ta ba su babban kambi, amma a lokacin Åland ya yi shekara 75 a hannun Rasha, ƙarin girman bai same shi ba. Ƙaramin kambin da ke kan barewar nan shaida ce ta ranar da aka raba gari. Ban da tambarin yanki, gundumomi 16 na Åland kowace da nata. Na Mariehamn anka ce ta jirgi da ganye uku na itacen da aka jera a manyan titunan birnin. Har Sottunga, wadda mutanenta ba su fi ɗari da 'yan kai ba, gunduma mafi ƙanƙanta a Finlan, tana da garkuwarta.

Tambayarka ta ainihi dai ita ce ko tuta na nufin ƙasa. Abin dubawa shi ne ikon da ke bayanta. Majalisar Åland, Lagting, tana da kujeru 30, tana yin doka a kan ilimi, lafiya, 'yan sanda, gidan waya, rediyo da talabijin, hanyoyi da jiragen fito na cikin gida, da harkokin gundumomi. Helsinki ta riƙe hulɗa da ƙasashen waje, kwastan, kotuna, mafi yawan dokokin laifi, da harajin ƙasa, sannan tana mayar wa yankin wani kaso na kuɗin shigarta, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ya kashe yadda majalisarsa ta ga dama. Åland na da kujera ɗaya cikin 200 na majalisar Finlan. Shugaban ƙasa na iya soke dokar Lagting, amma sai in ta wuce hurumin yankin ko ta taɓa tsaron ƙasa, kuma bayan ya ji ra'ayin kotun ƙoli. Gwamnan da ke wakiltar Finlan a tsibiran ba a naɗa shi sai an daidaita da kakakin Lagting. Mafi ƙarfi duka, majalisar Finlan ba ta da ikon taɓa dokar cin gashin kan ita kaɗai, sai Lagting ta yarda. Dokar da ke aiki yanzu ta 1991 ce, ta fara aiki a 1993.

Akwai kuma abin da suke kira hembygdsrätt, wato shaidar zama ɗan yanki. Sai da ita za ka yi zaɓen Lagting, kuma in ba ka da ita mallakar fili ko buɗe kasuwanci sai da izini na musamman. Ɗan Finlan daga Helsinki ma sai ya zauna shekara 5 ya nuna ya iya yaren Suwidin kafin a ba shi, wanda ya bar tsibiran fiye da shekara 5 kuma ta faɗi. Mai wannan shaida da ya tashi a can ba a tilasta masa aikin soja, alhali a sauran Finlan wajibi ne a kan maza. Wannan katangar ita ta hana mutum 30,000 narkewa cikin miliyan biyar da rabi, ba ƙyalle ba. Wasu na sukarta da cewa wariya ce, kuma sukar ba ta rasa tushe, sai dai in an cire ta lamunin 1921 ya zama takarda kawai.

Sauran alamomin a hankali aka tara su, ɗaya bayan ɗaya. Kujera a majalisar ƙasashen arewacin Turai a 1970. Kan sarki nasu na kansu a 1984, kuma tutar na cikin abin da aka fara bugawa a kai. Hukumar gidan waya mai zaman kanta a 1993. Bayan dokar 1991 jiragen kasuwancin yankin suka samu damar ɗaga tutar Åland a teku, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da arzikinsu na ruwa ne: a nan Gustaf Erikson ya riƙe babban rukunin jiragen ruwa masu tafiya da iska na ƙarshe a duniya, masu ɗauko alkama daga Ostareliya, ɗaya daga cikinsu, Pommern, yana tsaye a tashar Mariehamn a matsayin gidan tarihi. Suna da lambar mota tasu, da adireshin intanet mai ƙarewa da .ax. Wannan lambar ta AX a jerin ƙasashe da yankuna na duniya ita ta sa tutar ta samu shiga wayarka, kamar yadda ta Hong Kong da ta Greenland suka shiga ba tare da sun zama ƙasashe ba.

Lokacin shiga Tarayyar Turai a 1995, Åland ya yi tasa ƙuri'ar raba gardamar daban, ya shiga da sharaɗin a bar masa dokokin fili da kasuwanci, a kuma bar shi a wajen yankin harajin Tarayyar. Shi ya sa manyan jiragen fito da ke zirga-zirga tsakanin Stockholm da Helsinki ko Turku suke ratsewa su tsaya a Åland ko da na 'yan mintuna ne cikin dare: tsayawar ce ke halatta musu sayar da kaya ba haraji. A ƙwallon ƙafa kuwa a gasar Finlan suke bugawa, har ƙungiyar IFK Mariehamn ta lashe gasar lig ta ƙasar a 2016, magoya bayanta na kaɗa shuɗi da ja da ruwan ɗorawa.

In ka kwatanta da wasu tsibiran masu irin wannan matsayi za ka ga kowa da yadda ya rubuta dangantakarsa. Tsibiran Faroe, da ke ƙarƙashin Danmak, ɗalibai ne suka zana musu tuta a Copenhagen a 1919, Birtaniya ta fara amincewa da ita a 1940 don ta bambanta jiragensu da na Danmak da Jamus ta mamaye, Danmak ta bi baya a 1948. Greenland a 1985 ta guje wa gicciyen gaba ɗaya ta zaɓi da'ira, amma ta riƙe ja da farin Danmak. Zanzibar a 2005 ta ɗauki hanya mafi sauƙin karantawa, ta dasa tutar Tanzaniya sukutum a kusurwar tata. Ta Åland ta fi su wayo a wurina, domin ba ta liƙa tutar uwar ƙasa ba, ta saƙa launinta ne a cikin ta maƙwabciyar da aka hana su komawa.

Masu son cikakken 'yanci suna nan, suna da jam'iyya mai suna Ålands Framtid, amma ba ta taɓa wuce 'yan kujeru kaɗan a Lagting ba. Maganar komawa Suwidin kuwa kusan ta mutu. Lissafin a fili yake: a cikin Suwidin Åland zai zama ƙaramar gunduma ce cikin ɗaruruwa, ba majalisa, ba kan sarki, ba rangwamen haraji, ba tuta. Jikokin waɗanda suka sa hannu a takardar 1917 sun fi kowa sanin haka, kuma in ka tambayi da yawansu ko su 'yan Finlan ne ko 'yan Suwidin, ce maka za su yi su 'yan Åland ne.

Inda tsarin ke jin jiki yanzu shi ne maganar soja. A 1940, bayan yaƙin hunturu da aka gwabza tsakanin Finlan da Sobiyet, Tarayyar Sobiyet ta sa Finlan ta sake ɗaukar alkawarin ba za ta girke soja a tsibiran ba, ta kuma samu damar buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Mariehamn don sa ido. Rasha ta gaji ofishin, yana nan a buɗe. Bayan mamayar Ukraine a 2022 da shigar Finlan ƙungiyar NATO a Afrilun 2023, muryoyi sun tashi a Helsinki cewa a rufe shi, wasu ma na cewa a sake duba haramcin soja gaba ɗaya, tunda mafi yawan kasuwancin Finlan da ƙetare ta teku yake bi, kuma hanyoyin na wucewa ta gefen tsibiran. Gwamnatin Finlan ta duba lamarin a 2023 ta bar shi yadda yake, bisa hujjar cewa yarjejeniyoyin na ƙasa da ƙasa ne, ba a warware su da hannu ɗaya. A lokacin zaman lafiya masu tsaron iyaka da 'yan sandan yankin ne ke sintiri, amma yarjejeniyar 1921 ta ɗora wa Finlan alhakin kare tsibiran in aka kawo musu hari.